Ina son neman kujera a kwamitin SBMC na firamaren garinmu, ta ina ake farawa?

Baban Hajara:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda sunka san harkar makaranta ku taimaka min da shawara. Ni mai walda ne, ina wani gari nan gefen Argungu, ba sai na faɗi suna ba don duk wanda ya san wurin zai gane wa nake nufi kuma ni ba rigima na zo nema ba. Yarana ukku suna firamaren garin, ni ma nan na yi.

Halin da makarantar ke ciki ya ishe ni wallahi. Iska ta yaye kwanon aji biyu tun farkon damanar bara, har yau kwanukan na nan jingine bayan ofis sun yi tsatsa, ƴan aji huɗu ƙarƙashin darbejiya suke karatu, in rana ta juya malam ya ɗauki allo ya bi inuwa su ko suna jan buhunan da suke zama a kai. Ba masai ko ɗaya mai aiki, ƴan mata in sun tafi gida tara ba su dawowa. Kuma wai akwai kwamitin mutanen gari da ke kula da makarantar, wanda ake ce wa SBMC. Ciyaman ɗin dattijo ne, abokin mahaifina, tun ban yi aure ba shi ke riƙe da kujerar, mutumen kirki ne ban ce ya ci komi ba, amma dai ba a zama, ba a kiran iyaye, ba wanda ya san mi ke shiga mi ke fita.

To yanzu hedimasta ya ce an aiko musu daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma cewa a sabunta kwamiti cikin wanga zango. Abokaina na shago sun taso ni gaba wai in fito ciyaman, har wani ya ce zai buga min fosta kyauta. Tambayata, fom ake saye ko ko yaya? Ƙuri'a ake jefawa? Wa da wa ke da ikon zaɓe? Akwai wani alawus da ake ba ƴan kwamiti, ba don shi zan shiga ba amma gara in sani? Kuma in na fito kai tsaye na ƙalubalanci abokin babana ba za a ce ban da kunya ba?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam Baban Hajara. Abu na farko ka ce wa mai fosta ya bar takardarsa, wannan ba kansila ba ce. Ba a sayen fom, ba akwati, ba jam'iyya, kuma ba albashi ba alawus, aikin sa kai ne. Ranar da ka liƙa hotonka a bangon makaranta ranar ka faɗi, don dattawa za su ce yaron nan wani abu ya hango.

Bari in yi maka bayanin yadda abin yake. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ita ta ce karatun yaro daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan, kyauta ne kuma dole ne. Daga baya a 2005 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makaranta ta kafa kwamitin da mutanen gari za su sa hannu wajen tafiyar da ita, shi ne SBMC. Tsarinsa na wakilci ne, wato kowane ɓangare na gari da kujerarsa. Akwai wakilin sarauta, akwai malaman addini, akwai wakilan iyaye mace da namiji daga PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, malaman makarantar, tsofaffin ɗalibai, ƙungiyar mata, masu sana'ar hannu, har ɗalibai biyu mace da namiji ana sa su duk da mafi yawan wurare sunansu kawai ake rubutawa ba a kiransu. Hedimasta shi ne sakatare, wannan ba a takara a kansa. Sai bayan an haɗa waɗannan ne ake fitar da ciyaman da ma'aji.

Ka ga ke nan kai ƙofa uku gare ka. Kai uba ne, kai tsohon ɗalibi ne, kuma kai mai sana'a ne. Kujerar masu sana'a ita ce wadda ba kowa ya san da ita ba, sau da yawa hedimasta ne kawai zai rubuta sunan wani kafinta da ya sani don ya cike gurbi. In ka tara magina da kafintoci da teloli da ƴan uwanka masu walda suka ce kai suka tsayar, ba mai musu da kai.

Yadda ake yi a zahiri kuwa, a garuruwan da na zauna, hakimi ne zai sa a yi shela, a shimfiɗa tabarmi ko dai a filin makaranta ko a ƙofar gidansa, liman ya buɗe da addu'a, jami'in ofishin ilimi ya yi bayani, sai a ce to iyaye wa kuka tsayar, wani ya miƙe ya ce wane, wani ya ce na goyi baya, a ce akwai mai ja, a yi shiru, shi ke nan an wuce. Ɗaga hannu sai in an samu mutum biyu sun kafe, kuma dattawa ba su son a kai ga haka. Abin da nake so ka gane shi ne kafin a shimfiɗa tabarmar nan an riga an gama maganar, a zauren hakimi da bakin masallaci bayan isha'i. Wanda ya jira ranar taro sannan ya buɗe baki ya makara.

Shawarata kar ka nemi ciyaman a karon farko. Ka shiga a matsayin mamba, in da hali ka nemi ma'aji ko mataimaki. Kuma ka je ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku, ka tambayi jami'in da ke kula da SBMC a sashen wayar da kan jama'a, ka ce ya nuna maka takardar ƙa'idojin da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ta fitar, a ciki za ka ga adadin kujeru da wa'adin da ake yi. Haƙƙinka ne ka gani, ba takardar sirri ba ce. Ka karanta ta kafin ka yi magana da kowa.

Sannan ka san iyakar ikon kwamiti tun yanzu don kar ka yi wa mutane alkawarin da ba ka iya cikawa. Ba ku ɗaukar malamin gwamnati, ba ku korarsa, ba ku taɓa albashinsa. Abin da kuke iyawa shi ne ku duba rajistar zuwan malamai, ku rubuta rahoto zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ku bi yaran da ba su zuwa har gida, ku tsara abin da makaranta ke buƙata a rubuce, ku nemi taimako daga gari da gwamnati, ku sa ido kan duk aikin da aka kawo.

Ɗan Jega:

Hhhh malam hedimasta ka faɗi yadda take a takarda. Baban Hajara ni dai gaskiya zan gaya maka, kwamitin nan ba wanda ke tuna da shi sai an ji ƙishin-ƙishin kuɗi na tafe. Shekara da shekaru ba zama, ranar da anka ce za a turo tallafi ta asusun makaranta sai ka ga ƴan siyasar unguwa sun fito kowa na da ɗan takara, wanda ɗansa bai taɓa taka makarantar ba shi za ka ga ya fi kowa zaƙewa. Ka bincika da kyau mi ya sa anka ce a sabunta yanzu. In kuɗi ne ke tafe to ba kai kaɗai ke neman kujerar ba, kuma waɗanda za ka kara da su ba su zuwa dandali neman shawara.

Ni a ganina ka nemi shugaban PTA ya fi maka, can ne iyaye zalla ke zaɓe, in kana da jama'a ka ci ba sai wani ya sa maka albarka ba.

Tsohon Hedimasta:

Ɗan Jega ban ce ƙarya ka yi ba, na ga irin haka da idona. Amma mu raba abubuwa. Kuɗin da ya fi yin amo a Kebbi ƴan shekarun nan na shirin AGILE ne, na Bankin Duniya, Kebbi na cikin jihohi bakwai na farko da aka fara da su, kuma lalle ta hannun kwamitocin makarantu ake ba da tallafin gyara, amma na sakandare ne, don ƴan mata masu tasowa aka yi shi. Firamare irin tasu in wani abu zai zo ta hanyar UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, da SUBEB zai biyo, kuma ba kowace makaranta ke samu ba, ba kuma kowace shekara ba. Don haka kar Baban Hajara ya shiga da lissafin akwai wata tukunya da ake dafawa.

Batun PTA kuma, ba kishiyar SBMC ba ce. PTA ta iyaye da malamai ce kawai, kwamiti kuwa na gari ne gaba ɗaya har da wanda ba ya da ɗa a makarantar. In ya ci PTA ma ai ta nan zai iya shiga kwamitin.

Maman Biyu:

Salam. Ni daga Gusau nake, na yi wakiliyar mata a kwamitin wata firamare, bari in ƙara abin da maza ba za su gaya maka ba. Duk lissafin da kuke yi na hakimi da liman da masu sana'a, ba wanda ya ambaci iyaye mata, alhali su ke yanke hukuncin yarinya za ta makaranta yau ko za ta talla. Uba ya fita gona ko kasuwa tun asuba, bai ma san ta je ko ba ta je ba.

Mu nan Zamfara lokacin shirin ilimin yara mata na UNICEF da ake kira GEP3, wanda aka fara a 2012, an ƙarfafa ƙungiyoyin iyaye mata a makarantu, kuma abin da na gani shi ne inda matan suka tsaya da gaske nan ne yara mata suka zauna a aji. Mu muke shiga gida gida inda namiji ba ya shiga. Za ka tarar da uwa ba ƙin boko take ba, kuɗin tallan nan da shi take tara kayan ɗakin yarinyar, in ka ce mata ta daina ba ka kawo mata mafita ba ta ce to kawai ka fita ta ɗora wa yarinya tire. Abin da muka riƙa yi shi ne mu roƙi a bar yarinya ta je makaranta da safe, tallan a yi shi bayan an tashi, wasu suka yarda wasu suka ƙi, haka dai.

To kai Baban Hajara, kafin ranar taron nan ka sa Maman Hajara ta zagaya, gidan suna, gidan biki, islamiyyar matan aure, ta ji mi mata ke cewa game da makarantar. Zan iya rantsuwa maganar masai za ta fi maganar kwano yawa a bakinsu, don yarinyar da ta fara girma ba za ta tsuguna bayan aji maza na kallo ba, kuma uwarta ba za ta tilasta mata ba. Kuma don Allah in kun zo cike kujerun mata kar ku rubuta sunan matar ciyaman da ƙanwar hedimasta ku ce an cika, ku nemo mace mai baki wadda ake jin maganarta, ko ungozoma ko malamar islamiyya ko mai adashi. Sannan ku sa lokacin zama da mace za ta iya zuwa. Mu an sha kiran taro bayan magariba a ƙofar gidan wani, wace matar aure ce za ta je? Sai washegari a aiko maka da takarda ka dangwala hannu.

Abu na ƙarshe, tsaro. Tun sace ɗaliban da aka yi a Jangebe a watan Fabrairun 2021, da na Birnin Yauri a can wajenku a watan Yunin shekarar, iyaye ba su ɗaukar maganar da wasa. Ban san yadda yankinku yake ba, Allah ya ƙara tsarewa, amma duk wanda ya shiga kwamiti ya sani in wani abu ya taso shi iyaye za su tambaya a tura yara ko kar a tura. Ku samu lambar wayar da za a kira, ku san wa zai sanar da wa, tun ana zaune lafiya.

Ma'ajin Kwamiti:

Ni yanzu haka ina riƙe da ma'aji a wata firamare ta ƙasar Yauri, don haka bari in gaya maka abin da ke jiranka bayan an tafa an watse.

Na farko dai ni ban yarda da malam hedimasta ɗari bisa ɗari ba kan cewa kar ka nemi ciyaman. In dattijon nan ya gaji, kuma alama ta nuna ya gaji, to mai yiwuwa shi kansa neman wanda zai sauke masa kayan yake, kunya ce ta hana shi cewa na bari. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ka je ka same shi tukuna ka ji. Amma in ya nuna yana so ya ci gaba to ka bar masa, ka nemi ma'aji, don wallahi ciyaman suna ne, aikin na hannun mai riƙe da littafi.

Na biyu kuma shi ya fi muhimmanci a wurinka, sana'arka. Kai mai walda ne, makaranta na buƙatar tagogi da ƙofofi da benci. Ranar da ka ce kana son kwamiti, kafin ka kai gida an ce kwangila yake nema. Ka toshe wannan bakin tun a gaban taro, ka ce muddin kana cikin kwamiti shagonka ba zai karɓi aikin makaranta na kuɗi ba, in gyara ne na taimako ka yi kyauta a gaban kowa. Zai yi maka ciwo don aikin zai wuce ka ya tafi wurin wani kana kallo, wataƙila ma wanda bai kai ka iyawa ba, amma in ba haka ba duk sisin da ya ɓace kai ne.

Asusun banki da sunan makaranta ake buɗe shi, ba da sunan mutum ba, kuma ba mutum ɗaya ke sa hannu ba. Ka tambaya ko naku na da shi, in akwai su wa ke sa hannu, don za ka iya tarar da sunan wanda ya rasu ko hedimastan da aka canja tuni. Ni abin da nake yi, littafi ne babba mai bangon kwali, hagu abin da ya shigo dama abin da ya fita, kowane rasit na liƙe shi da gam a shafinsa, ko na ƙusa ne, in mai kaya ba ya da rasit ya rubuta a takarda ya sa hannu. Ƙarshen zango sai in kwafe jimillar a babbar takarda in manna a ƙofar ofishin hedimasta inda kowa zai gani, in kuma ba liman ya karanta bayan sallar Juma'a. Tun da muka fara haka mutane suka fara ba da nasu, wani buhun siminti, wani yashi da amalanke, wani ya ce shi ba ya da kuɗi amma zai yi leburanci kwana biyu. Kafin nan ko ƙwandala ba mai bayarwa don ba su san inda take zuwa ba.

Ku yi hattara da sa wa iyaye haraji. Karatun kyauta ne a doka, in za a yi karo-karo sai da yardar taro, kuma kar a kuskura a kori yaro don ubansa bai biya ba, wannan shi ke fara kashe kwamiti.

Sai batun malamai, nan ne za ka yi baƙin jini. Ka iso makaranta takwas da rabi ka tarar malamai biyu ne cikin waɗanda aka rubuta, sauran suna birni sai ƙarshen wata, in ka yi magana a ce wane ɗan wane ne. Ka riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba, ka gaisa da kowa cikin mutunci, ka duba rajista ka rubuta kwanan wata, kar ka yi wa malami faɗa gaban ɗalibai ko kusa. In abin ya taru kwamiti ya rubuta wa sakataren ilimi da sa hannun ciyaman, ba kai kaɗai ba. Kuma ka saurari nasu uzurin, wani daga nesa yake zuwa kuɗin mashin ya cinye rabin albashin, mu akwai wanda muka samar wa ɗaki a gari kyauta sai ga shi ya fi kowa zuwa da wuri. Gwamnan Kebbi ma Nasir Idris ai malami ne, har shugabancin ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ya riƙe, don haka ba a ce maka malamai ba su da masu jin kukansu ba, ka bi ta takarda kawai.

Kuma ku mutanen fadama ne kamar mu, ka san lokacin dashen shinkafa da lokacin korar tsuntsu aji kan zama wayam. Wannan ba a gyara shi da masifa, sai hakimi ya sa baki an yi yarjejeniya da iyaye.

Baban Hajara:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Fosta dai an fasa. Maganar kwangila ko da Ma'aji ya kawo wallahi har an fara ta, jiya wani ya tsaya bakin shago shina tambayata wai nawa zan yi tagar aji. Maman Biyu saƙonki ya isa, uwargida ta ce dama suna da taron adashi ran Assabar.

Abin da ya rage min shi ne zuwa wurin Baba ciyaman. In tafi ni kaɗai ko in ɗauki wani? Kuma in fara da shi ko in fara da hakimi?

Tsohon Hedimasta:

Ka fara da shi, in ya ji daga bakin hakimi kafin ya ji daga bakinka ka ɓata. Kuma kar ka je da abokanka na shago, ka nemi ƙanen mahaifinka ko wani sa'ansa da suke shiri ya raka ka, da safe bayan ya karya, ba a bakin masallaci cikin mutane ba. Kar ka ambaci kujera, kar ka lissafa masa abin da ya lalace, ya fi ka sani. Ka ce Baba na ji an ce za a sabunta kwamiti, ina so in taimaka muku da zirga-zirgar ofis da rubuce-rubuce, mi kuka gani. Sai ka yi shiru ka bar shi ya yi magana. In ya ce ku je wurin hakimi tare, to ka bi shi a baya ka bar shi ya gabatar da kai. Ka tambaye shi littafin zaman kwamiti na baya ma in yana wurinsa, za ku buƙace shi ranar da jami'in ofishin ilimi zai zo.